KAFIN KI ƊORA TUKUNYAR SAYARWA

Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T) wanda Ya halatta mana ciniki, Ya sanya albarka a cikin gumin mai neman halal. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W) da alayensa da sahabbansa da matansa iyayen muminai.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwata Musulma, abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne tambaya guda da 'yan'uwa biyu suka yi mini a lokuta daban-daban, ɗaya a cikin garin Birnin Kudu, ɗaya kuma daga ɓangaren Gwaram. Kowacce ta iya girki, har duk wanda ya ci abincinta a biki ko suna sai ya ce da ita me take jira ba ta buɗe gidan abinci ba. Kowacce tana da ɗan abin hannu, ɗaya adashinta ya kusa fitowa, ɗaya kuma tana da tumaki da ɗan kunnen gwal na aurenta. Tambayar ita ce, su buɗe ko kada su buɗe? Na san ba su kaɗai ba ne. Wataƙila ke ma da kike karanta wannan shafi kin kwana kina juya wannan lissafi a zuci, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, abin da maigida yake kawowa ya daina kai wa ƙarshen wata.

Mu fara kawar da abu ɗaya. Sana'ar mace ba abin kunya ba ce a Musulunci. Nana Khadija (R.A) 'yar kasuwa ce mai aika dukiyarta fatauci har Sham. Nana Zainab bintu Jahshi (R.A) tana jima tana ɗinkin fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Imam Muslim ya ruwaito cewa wata innar Jabir (R.A) da aka saka ta so fita tsinkar dabinonta tana cikin idda, wani ya hana ta, amma Manzon Allah (S.A.W) ya yi mata izini, ya nuna mata cewa ta yiwu ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i kuwa ta tabbatar wa mata rabonsu daga abin da suka nema kamar yadda ta tabbatar wa maza. Game da ciyarwa kuma, Bukhari ya kawo labarin wata tsohuwa a Madina da take dafa wani ganye da ɗan garin sha'ir ranar Juma'a, sahabbai su biya ta wurinta bayan salla su ci, har sukan ƙosa Juma'a ta zagayo. Na san a ƙasar Hausa akwai wani tsohon kallo da ake yi wa mai tuwo-tuwo a bakin tasha, har wasu mazan da sun ji an ce gidan abinci sai ransu ya ɓaci. Wannan kallo hali ne na wasu masu sana'ar ya jawo shi a da. Ita dai dafa abinci mai tsabta a sayar wa mai jin yunwa ba ta da aibi ko kaɗan.

To amma kasancewar abu halal bai wajabta miki shi ba. Tun muna yara a Ahalari aka koya mana cewa sani yana gaba da aiki, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwarsu. Saboda haka abin da nake so ki tambayi kanki shi ne: wannan gidan abinci, da kuɗin wa za a buɗe shi, da lokacin wa za a riƙe shi, kuma 'yar wa za ta ɗauki farantin?

Iya girki daban, iya sayar da girki daban. Wanda ya yabi dafa-dukarki a gidan suna kyauta ya ci. Ranar da aka ce ya biya, sai ki ji ya ce naman ya yi ƙanƙanta. Don haka kafin ki kama hayar shago, samu littafi da biro. Auna mudu ɗaya na shinkafa, ki dafa yadda za ki sayar, ki ƙirga faranti nawa ya fitar da ludayin da za ki riƙa zubawa da shi. Rubuta mai, da kayan miya, da nama, da magi, da gishiri, har da leda da sabulun wanki. Sannan ki zo kan kuɗin da ba ruwansu da an yi ciniki ko ba a yi ba: haya, itace ko gawayi ko gas, ruwan 'yan garuwa, ladan mai wanke-wanke, harajin ƙaramar hukuma. Bari in ba ki misali kawai, ke za ki sa naki adadin. A ce waɗannan suna cin naira 6,000 kullum, ribar da ke kan kowane faranti kuma naira 200 ce. Kin ga sai kin sayar da faranti 30 kafin kwabo ɗaya ya zama naki. Ranar da kika sayar da 25, kin yini a tsaye gaban wuta ne kina biya daga aljihunki, ga ragowar abinci da ba ya kwana. Mai sayar da atamfa idan ba ta yi ciniki yau ba, atamfarta tana nan gobe. Tuwo ba ya jiran gobe.

Kuma farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai gidan abinci tana tsaka mai wuya a irin wannan lokaci, domin cefane yana tashi kowane mako, ita kuwa idan ta ƙara naira 100 a kan faranti sai masu saye su koma gaba. A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, masu ƙananan sana'o'i sun ga yadda mai saye yake tsaye da yunwa amma ba tsabar da zai miƙa. A 2020 kuma aka rufe zirga-zirga tsakanin jihohi saboda annobar korona, duk wadda ta dogara da matafiya ta kashe wutarta. Ba tsoratar da ke nake yi ba. So nake yi kada ki zuba duk abin da kika mallaka a tukunya ɗaya, ki rage abin da zai riƙe ki wata biyu ko uku idan kasuwa ta juya baya.

Wajen masu saye ma, Birnin Kudu da Gwaram ba ɗaya ba ne. Birnin Kudu tana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma ta nufi jihar Bauchi, ga tasha, ga Babban Asibitin Tarayya da masu jinya suke zuwa daga nesa su yi kwanaki, ga kwalejin koyon aikin jinya da unguwarzoma, ga ma'aikatan sakatariya. Akwai bakunan da ke neman abinci kullum, sai dai akwai waɗanda suka riga ki tsayawa a gabansu shekara da shekaru. A ƙasar Gwaram kuwa yawancin mutane manoma ne da ke cin tuwon gidansu, cinikin abinci ya fi ƙarfi ranar kasuwa, kamar babbar kasuwar Sara da ke ci mako-mako. Wadda ta kama shago tana biyan haya ta kwana 30 alhali cinikinta na kwana huɗu ne a wata, ta ɗora wa kanta kaya. Da kaka kuɗi yana hannun mutane, da damina kowa yana gona aljihu ya bushe. Ga kuma watan Ramadan, wanda cinikin rana yake mutuwa. Matafiyi da marar lafiya shari'a ta yi musu rangwame, babu laifi a sayar musu, amma ƙato lafiyayye mazaunin gari da ya zo neman garau-garau da azahar a watan azumi, sayar masa taimako ne a kan saɓo. Sa wannan wata a cikin lissafinki tun yanzu, ko ki shirya komawa ƙosai da kunu da abincin buɗa-baki.

Sai batun jari. Allah Ya halatta ciniki Ya haramta riba, kamar yadda ya zo a aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Duk rancen da aka ce ki karɓi dubu 100 ki mayar da dubu 120, ko daga banki ne, ko daga masu yawo unguwa-unguwa suna tara mata rukuni-rukuni ana biya kowane mako, ko daga waɗanda ke ba da bashi ta waya, kuɗin ruwa ne, sunansa bai canza hukuncinsa ba. Na ga matar da ta karɓi irin wannan, ranar biya ta zo ba ta da shi, ta sayar da katifar ɗakinta. Adashi na gaskiya da kowa ke kwasar daidai abin da ya zuba ya fi miki, ko rance mai kyau daga ɗan'uwa. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, amma su ma ki sa wanda ya sani ya karanta miki sharuɗɗan kafin ki sa hannu. Idan maigida ne ko yayanki zai ba ki kuɗin, ku fayyace tun farko: kyauta ce, rance ne, ko haɗin gwiwa? Kunya ce take hana mu wannan tambaya, ita ce kuma take haifar da rigimar da ke kai mutane gaban alƙali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, ki tuna masa da wannan.

Yanzu mu shigo cikin gida, domin a nan ne yawancin gidajen abinci suke mutuwa ba a kasuwa ba. Dukiyarki taki ce. A mazhabarmu ta Malikiyya miji yana da ikon hana matarsa kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta, amma saye da sayarwa ba sa cikin wannan. Fita daga gida kuwa sai da yardarsa. Kuma ina nufin yarda ta gaskiya, wadda aka zauna aka faɗa masa ƙarfe nawa za ki fita, ƙarfe nawa za ki dawo, su wa za ki yi hulɗa da su. Kada ki karɓi "to, je ki" da aka faɗa cikin fushi ko gajiya da naci, domin wannan "to" ɗin yana dawowa bayan wata uku da wata fuska. Mai abincin safe tana hura wuta tun kafin asuba, mai na dare ba ta shiga gida sai bayan isha'i. Wa zai shirya yara makaranta? Idan kina da abokiyar zama, ranar girkinki fa? Idan ciki ya zo, ko haihuwa da wankan jego, wa zai riƙe wurin? Sallar azahar da la'asar kuma daidai lokacin da layi ya fi tsawo suke shigowa. Idan ba ki tanadi wadda za ta karɓe ki da wurin da za ki yi alwala ki suturta ki yi salla ba, za ki wayi gari kina haɗa salloli uku da magariba kina cewa uzuri ne.

Akwai wata magana da nake so mazajenmu su ji, ko da ta bakinki ne cikin ladabi. Ciyar da iyali wajibin miji ne, sana'ar mace ba ta sauke masa shi. Sau da yawa da mace ta fara sayar da abinci sai kuɗin cefane ya ɗauke, a ce ai akwai abinci a shago. Yara su ɗiba, ƙannen miji su ɗiba, abokan maigida su zo a zuba musu don kara, maƙwabta su aiko da kwano a rubuta. Kafin shekara uwar kuɗi ta shige ciki, a koma ana cewa sana'ar ba ta karɓe ta ba. Idan kin ga dama kin taimaki mijinki, lada ne babba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A) tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, ta aika aka tambayi Manzon Allah (S.A.W), ya yi mata albishir da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Amma ita ta san sadaka take yi, da niyya da sanin adadi. Ke ma raba tukunyar gida da ta kasuwa, abin da aka ɗiba don gida a rubuta shi, ko da a ƙarshe za ki yafe.

Abin da ya fi damuna duk a cikin wannan magana shi ne 'ya'yanmu mata. Ki duba kowace tasha da bakin kasuwa, su wa ke ɗauke da farantai suna ratsawa tsakanin direbobi da 'yan kamasho da yaran mota? Yara ne 'yan shekara 10 zuwa 15. Su ke kai abinci shago-shago, su koma karɓo kwano da kuɗi bayan magariba, a ce su shigo ciki su jira canji. Uwa tana murna ciniki ya yi kyau ana tara kuɗin kayan ɗaki, ba ta san abin da kunnen yarinyar yake ji ba, balle abin da ya fi ji muni. Ba sai na fayyace ba, duk wadda ta zauna a kwamitin sulhu na unguwa ta san irin ƙarar da ke zuwa. Yawancin lissafin da ke nuna riba a sana'ar abinci, idan kika duba da kyau, ribar ladan aikin yarinyar nan ce da ba a biya ba, da karatunta da aka yanka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta, firamare da ƙaramar sakandare. Tun kafin wannan doka, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna morar aikinsu, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye don karantar da mata. 'Ya'ya amana ce da za a tambaye ki a kanta. Saboda haka ki sa ladan babbar mace mai taya ki aiki a cikin lissafi, da na saurayi baligi ko mai babur da zai riƙa kai saƙo. Idan lissafin bai fita ba sai da 'yarki, to bai fita ba. Kuma kada ki ce ai ba 'yata ba ce, 'yar riƙo ce ko 'yar aiki daga ƙauye. Ita ma wata ce ta haife ta.

Idan duk wannan ya daidaita, saura amanar cikin tukunya. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe, ya tsawatar masa, ya kuma barranta daga mai algus. Mai cin abincinki bai ga kicin ɗinki ba, yarda ce kawai ta sa ya kai loma baki. Miyar jiya da aka ɗumama aka gauraya da ta yau, naman dabbar da aka yanka tana gargara aka sayar da araha, man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi, ƙwayar farasitamol da wasu ke jefawa cikin tukunyar nama don ya yi saurin laushi a rage itace, alhali ma'aikatan lafiya sun sha gargaɗi a kan illarta ga hanta da ƙoda, duk algus ne. Ludayin da ke ƙanƙancewa idan baƙo ne ya zo, ki karanta farkon Suratul Muɗaffifina ki ga inda ya dosa. Ruwa kuma shi ne babba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe dubban mutane a Nijeriya, Jigawa da maƙwabtanta Bauchi da Kano suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci take yaɗuwa. Bahon ruwa ɗaya da ake tsoma kwanuka tun safe har la'asar zai iya kwantar da unguwa guda. Wadda take sayar wa masu jinya a bakin asibiti, ta tuna wani abincin bakin marar lafiya zai shiga. Idan duba-gari ya zo kada ki ɗauke shi abokin gaba, kuma kada ki miƙa masa na goro don ya kau da kai. Idan Allah Ya buɗa har kuɗin ciniki suka kai nisabi suka shekara, akwai zakka, ɗaya cikin 40. Tukwane da bencina da firji ba sa shiga lissafinta.

Ga istihara kuma, raka'a biyu ce ta nafila da addu'ar da Jabir (R.A) ya ce Manzon Allah (S.A.W) yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura. Da kanki za ki yi, ba a ba da kuɗi a yi wa mutum, kuma ba sharaɗi ba ne ki yi mafarki. Ki yi ta bayan kin gama bincike da shawara, ki je wurin wadda ta shekara biyar a sana'ar ki roƙe ta ta bar ki ki yini biyu a gefen murhunta. Abin da ƙafarki da bayanki za su gaya miki a yinin nan, ba mai faɗa miki shi da baki.

'Yar'uwar nan ta Birnin Kudu, yaranta sun tasa, mijinta ya yarda da zuciya ɗaya, kuma tana da ƙanwar miji bazawara da ke neman abin yi. Na ba ta shawarar kada ta kama shago tukuna, ta fara daga gida da kula 15 ko 20 na waɗanda suka yi oda, mai babur ya kai, ta riƙe littafi wata uku, sannan ta duba ko abin da ya rage zai iya ɗaukar haya. Rabin adashin kuma ta ajiye kada ta taɓa. Ta Gwaram kuwa goyo ne a bayanta, kuma duk dogaronta a kan 'yarta ce mai shekara 12 da ke shirin shiga ƙaramar sakandare. Na ce da ita a ganina ta bar tumakinta da gwal ɗinta inda suke, idan ta matsu ta riƙa yin waina ko ɗanwake a cikin gida ranar kasuwa kawai, masu so su aiko. Ba ta ji daɗin maganar ba, na kuwa ga haka a fuskarta. Ta ce za ta sake zama da maigidan bayan kaka su duba ko za a samu babbar mace da za a riƙa biya.

Allah Ya ba su mafita, mu da su baki ɗaya.